Ga sabon direban da ke neman aikin dakon ɗanyen mai

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ɗan sam min fili in yi magana da ƙannena da ke ta turo min saƙo kan aikin tanka, don amsar tana da tsawo kuma waya ba za ta ɗauke ta ba. Ni direba ne, ɗanyen mai nake ɗauka a yammacin Texas a Amurka, tsakanin Midland da Odessa da dajin da ya kewaye su, yankin da ake kira Permian, inda ake haƙo sama da ganga miliyan 6 a kullum. Kusan duk sati sai wani ya ce min ya samu lasisi jiya jiyan nan, ya ga bidiyo an ce direbobin mai na kwasar dala, in taimaka in sa shi a hanya. Toh wallahi ina son in sa kowa a hanya, amma hanyar ba ta nan take farawa ba, kuma gara in faɗa tun kafin mutum ya bar aikin da yake hannu ya taho ya zauna a ɗakin haya yana jiran kiran da ba zai zo ba.

Ni ma haka na zo. Na gama makarantar tuƙi, na karɓi lasisin tuƙin manyan motoci da ake kira CDL, aji na A, na ƙara da izinin tanka da na kaya masu haɗari wanda muke cewa hazmat, shi wannan sai hukumar tsaron sufuri ta TSA ta ɗauki zanen yatsunka ta bincike ka tas, kuma sai ka kai shekara 21 takardun zamanka suna kan ƙa'ida, bayan shekara 5 ka sake sabuntawa. Tun watan Fabrairun 2022 ma ba ka isa ka zauna jarrabawar ba sai ka yi horo a makarantar da ke cikin rajistar gwamnati. Duk na yi wannan, ga katin likita a aljihu, ga gwajin ƙwaya na wuce, ina ganin shikenan an gama. Sai na fara buga waya. Tambaya ɗaya ce a bakin kowa, shekara nawa ka yi kana jan tirela? In na ce sabo ne ni sai in ji muryar ta canza, a ce in dawo in na yi shekara ɗaya, wasu su ce biyu. Na daɗe ina jin haushin masu ɗaukar aikin nan, daga baya na gane su ma ba yin kansu ba ne, kamfanin inshora ne ke riƙe da wuƙa da nama. Doka ta ce motar kayan yau da kullum inshorarta ta fara daga dala 750,000, ta mai kuwa daga miliyan 1, toh mai inshora shi ke cewa wane ya hau wane kar ya hau, kuma shi ba ya son jin kalmar sabo. Kaga kowa na neman gogagge amma babu mai son ya gogar da kai, abin na da ciwo sosai ga wanda ya ci bashi ya biya makaranta.

Wani dattijon direba ne ya zaunar da ni, Allah ya saka masa da alheri, ya ce yaro je ka ɗauki ruwa. Da farko ban so ba. Ashe rijiyar mai ba mai kaɗai take fitarwa ba, a nan Permian ruwan gishirin da ke fitowa tare da man ya ninka man kansa, kuma dole a kwashe shi a kai rijiyar zubarwa. Kamfanonin ruwan nan da masu ɗaukar yashin da ake turawa cikin rijiyar mai wajen fasa dutse su ne suka fi karɓar sabo. Aikin ba daɗi, ga laka ga wari ga dutin dare, kuɗin kuma bai kai na mai ba, amma a can na koyi jan tanka a hanyar burji mai ramuka, na koyi ja da baya cikin duhu babu mai nuna min hannu, na san tiyo da bawul da famfo, na san yadda ruwa ke tunkuɗo ka daga baya in ka taka birki da ƙarfi tankar ba ta cika ba, har ka ji kamar wata mota ce ta buge ka. Wannan babu makarantar da za ta sa maka shi a jiki. Wata goma sha huɗu na yi a kan ruwa kafin wani ya yarda ya ba ni makullin motar mai.

Abin da masu bidiyo ba sa nunawa kuma, shi ne tuƙi rabin aikin ne kawai. Direban ɗanyen mai shi ne mai sayen man a madadin kamfani, sa hannunsa ne a kan tikiti. Bari in kai ka wurin ka gani. Ƙarfe biyu na dare ka iso filin tankuna, babu kowa sai ƙarar injin rijiya da wutar gas tana ci can nesa. Kafin ka taɓa komai ka ɗaura wayar da ke sauke lantarki zuwa ƙasa a jikin mota saboda tartsatsi, ka sa katako a taya, ka duba ƙyallen iska ka ga ina take kaɗawa. Ka hau tsani da kayan awo a hannu, ka tsaya ta inda iska ke fitowa, ka buɗe murfin a hankali ka ja da baya ya huce tukuna. Sannan ka zura tef mai ƙarfen tagulla a baki har ya taɓa gindin tanki, ka jawo ka karanta inda man ya tsaya, ka ɗebi samfur daga sama da tsakiya da ƙasa, ka auna zafi, ka auna nauyin man, don lissafin duk a kan digiri 60 na Fahrenheit ake mayar da shi. Ka sauko ka sa samfurin a 'yar kwalba cikin injin juyi, ya wulwula shi har ruwa da datti su kwanta a ƙasa. In sun wuce abin da mai saye ya yarda, yawanci kashi 1 cikin 100, toh dole ka ƙi tankin, ka rubuta ka bar takarda ka juya da mota ba komai, kuma in da lodi ake biyanka ka yi tafiyar banza kenan. A nan ake gane mutum. Akwai masu rufe ido su ɗauka don kar su yi asarar lodi, sai a wurin saukewa mita ta kama ruwan ta rufe, ka ga mutum tsaye da ganga wajen 180 da babu mai karɓa. Ganga ɗaya galan 42 ce, kusan lita 159, kuma mota da kaya gaba ɗaya kar nauyinsu ya haura fam 80,000 a babbar hanya sai da izini na musamman, don haka shi ma lissafin nauyi a kanka yake.

Sai maganar murfin nan, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Iskar H2S, wato gas mai guba da ke fitowa tare da ɗanyen mai, da farko warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi, in ta yi yawa kuma sai ta kashe maka jin wari, ka ɗauka ta tafi alhali a lokacin ne ta fi yawa. Shi ya sa 'yar na'urar gano gas da muke maƙalawa a wuyan riga ba ado ba ce. Kuma ba ita kaɗai ba, tururin man da ke bulbulowa daga murfi yana korar iskar shaƙa, mutum ya yanke jiki a kan tsani babu ko ihu. Hukumomin kula da lafiyar ma'aikata na NIOSH da OSHA sun fitar da gargaɗi a 2016 bayan ma'aikata 9 sun rasu tsakanin 2010 da 2014 a wajen awo ko ɗiban samfur a bakin tanki. Wani kamfani da na fara yi wa aikin mai, ba zan kama suna ba, sun yi min alƙawarin sati uku tare da mai koyarwa, kwana huɗu kacal suka ce motoci na zaune in fita ni kaɗai da dare. Na fita saboda ina tsoron rasa aikin da na sha wahalar samu. A daren nan na'urata ta yi kuka ina saman tanki, ƙafafuna suka yi sanyi, Allah ne ya sa na tuna maganar dattijon nan na riƙe numfashi na sauko na nufi inda iska ke fitowa. Da safe na ajiye musu makulli. Ƙanina, duk wanda zai tura ka bakin tanki kai kaɗai kafin ka iya, ba taimakonka yake yi ba, ko nawa ya ce zai biya.

In an kira ka intabiyu kai ma ka yi tambaya, ba laifi ba ne. Da awa ake biya ko da lodi ko da kaso? In na ƙi tanki ko na yi awa uku a layin saukewa akwai abin da zan samu? Sati nawa ne horo, kuma ana biya a cikinsa? Wa ke sayen rigar da ba ta kama wuta da na'urar gas? Dokar tarayya ta ba ka awa 11 na tuƙi a cikin awa 14 na aiki, sannan hutun awa 10, duk mai ce maka a nan ba ma kallon agogo ka gode masa ka tashi. Hanyoyin yankin nan cike suke da manyan motoci da direbobin da barci ya ci ƙarfinsu, na ga abin da ba na son sake gani. Turanci ma a gyara shi, tun watan Yunin 2025 jami'i na iya sauke ka daga mota in ba ka iya amsa tambayarsa ko karanta allon hanya ba.

Kuma a riƙa ajiya. Aikin nan da farashin mai yake numfashi, waɗanda suka ga Afrilun 2020 lokacin da farashin gangar Amurka ya faɗi ƙasa da sifili sun san yadda aka jera motoci a yadi aka sallami mutane a sati ɗaya, haka aka yi a Dakota ta Arewa bayan faɗuwar 2014. Ga shi duk inda aka ja bututu zuwa rijiya, lodin tanka ya ragu kenan.

Roƙona na ƙarshe ga 'yan uwana da suka riga suka shiga ne. Yawancin kamfanoni suna jin maganar direbansu fiye da takardar neman aiki, in ka ce na san yaron nan, ya yi shekara a kan ruwa, ba ya wasa da aiki, sau da yawa za su kira shi. Kar mu riƙa ɓoye lambar manaja kamar wani zai ƙwace mana abinci. Ni dai akwai wani da ya gama watanninsa a kan yashi, na yi masa magana an karɓe shi, ranar Litinin zai fara hawa mota tare da ni, kuma na gaya wa ofis ba zan sa hannu a takardarsa ba sai na ga ya buɗe murfi ya ja da baya da kansa ba tare da na tuna masa ba.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka jarida.

Naka,
Wani direban tanka, daga yammacin Texas, Amurka.