Noman Inabi Ba Guba: Jan Ƙarfe Ma a Yi Shi da Awo

Malam Edita,

Ka ba ni fili in ja hankalin manoman inabi, musamman na Kudan a jihar Kaduna, kan zaton da ake yi cewa gonar da ta bar magungunan kamfani ba ta feshi ko kaɗan.

A kudancin Faransa akwai gonar Château de Beaucastel, wadda ke hannun iyalan Perrin tun 1909, ta kuma koma noman da ba ruwansa da takin zamani da maganin kashe ciyawa tun 1950. Giya suke yi da inabinsu, wannan kam ba hanyarmu ba ce, amma kurangar ɗaya ce, cutarta ma ɗaya. Irin waɗannan gonaki da abu biyu suke yaƙar fumfuna: farar wuta ga wadda ke bin ganye kamar toka, jan ƙarfe ga wadda damshi ke kawowa, mai sa tabo kamar na mai a saman ganye.

Haɗin jan ƙarfen, wanda ake kira haɗin Bodo, tun wajen 1885 ake amfani da shi. Kilo 1 na kofa salfet, wato shuɗiyar hoda mai ɗauke da jan ƙarfe, kilo 1 na laim da aka jiƙa (farar hodar da ake shafe bango da ita), lita 100 na ruwa. A narkar da kowanne daban a mazubin roba, don kofa salfet yana cin ƙarfe, sannan a tsiyaya ruwan shuɗin cikin na laim ana juyawa. A tsoma sabuwar ƙusa. In ta fito da ja-ja, laim bai isa ba, kuma haɗin zai ƙone ganye. A fesa a ranar, kafin ruwa ya sauka, domin rigakafi ne, ba ya warkar da ganyen da ya riga ya kamu.

Inda gizo ke saƙa shi ne jan ƙarfe ba ya ruɓewa. Taruwa yake yi a saman ƙasa shekara da shekaru har ya kashe tana, ƙasa ta daskare. Shi ya sa tun 2019 Tarayyar Turai ta taƙaita shi zuwa kilo 28 a hekta cikin shekara 7, wato kilo 4 a shekara. Kofa salfet kuwa kwata ɗinsa ne jan ƙarfe, don haka kimanin kilo 16 ke nan na kofa salfet a hekta a shekara. Wanda ke feshi bayan kowane ruwan Agusta zai zarce wannan bai sani ba. Gara ya rage ganyen da ke kewaye da nonon inabin don iska ta ratsa, ya kuma shayar daga gindi.

Farar wuta ita ma a kiyaye: zafi in ya haura digiri 30 tana iya babbake ganye, sai da sanyin safiya ko yamma.

Gonar Tablas Creek ta Kalifoniya, wadda su Perrin ke da hannu a ciki, tumaki ne ke mata noman ciyawa suna barin taki, amma ana fitar da su da zarar kuranga ta fara toho. Mai son kwaikwayo ya sani cewa jan ƙarfe na taruwa a hantar tunkiya har ya kashe ta, kada a sake su a gonar da aka yi wa feshi kwanan nan.

Ina roƙon malaman gona su riƙa tambayar manomi kilo nawa ya fesa bana, su kuma sa shi ya rubuta.

Naka,
Wani malamin gona, Zariya