Godiya ga kamfanin da ya gano mana inda buhunan shinkafarmu suka maƙale

Assalamu alaikum. Wannan saƙon naku ne, ku ma'aikatan ɗan kamfanin kwamfutar nan da ke bene a Titin Gidan Zoo. Oganku ya ce kar in kama suna wai shi baya son talla, to na ji bazan kama ba, amma godiyar dai sai na yi ta a bainar jama'a, dan abun da kuka mana ya wuce gyaran kwamfuta, mutuncin wani dattijo kuka tsamo daga rijiya.

Ni ne mai riƙe da lissafi a wani shagon sarin kayan masarufi a kasuwar Singa, muna da reshe a Sabon Gari da kuma sito a Dawanau. Ba injiniya bane ni, akanta ne da ya ɗan iya taɓe-taɓe. Kowane reshe yana da rumbun bayanansa na MySQL, kullum da daddare sai a kwaso cinikin ranar a zuba a babbar kwamfutar ofis, saba inji masu abun. Manhajar da ke wannan dakon sunanta Pentaho, asalin sunanta ma Kettle, wani ɗan Beljiyam Matt Casters ne ya fara rubuta ta, Hitachi suka sayi kamfanin a 2015. Inda ake zana aikin, kowane mataki da akwatinsa ana jona su da igiya, ana ce masa Spoon, mai tada shi da daddare kuma Kitchen, wato buta da cokali da kicin, kaman mai shayi ne ya raɗa musu suna. Bayan an gama zuba cinikin akwai wani ajiyayyen umarni a cikin rumbun da kansa, firosija dai inji masu abun, shi ne ke rufe rana, ya cire abun da aka sayar daga kayan sito, ya ɗora wa masu bashi bashinsu, sannan ya sa alama cewa ranar ta rufu, in aka sake kiransa ya ga alamar sai ya fita salin alin bai taɓa komai ba.

To ni da kaina na jona kiran firosijar nan a gindin akwatin da ke zuba layukan ciniki, na gwada ya yi, har ina jin kaina. Wata da watanni lafiya lau. Sai da azumi ya matso ciniki ya buɗe, aka zo ƙirgen sito, kwamfuta tace akwai shinkafa kaza, a ƙasa kuwa buhu 140 babu su, ga katan-katan na taliya da man gyaɗa suma sun yi ƙafa. Kuɗi kuwa yawanci tiransifa ne da bashi, babu wanda ya zauna ya haɗa su da ciniki a lokacin, kowa idonsa na kan sito. Kuma makullin siton a hannun Baba yake, mutumin da ya fi shekara ashirin tare da Alhaji mai shagon. Babu wanda ya ce masa ɓarawo, amma kun san yanda kasuwa take, gaisuwa ma sai ta canza. Ni da idona na ganshi bayan La'asar zaune akan benci yana juya makullan nan a hannu baya ce wa kowa komai, wallahi ranar ko buɗa baki ban iya yi da kirki ba.

Na kira ku ranar Laraba da safe, kafin Azahar kun turo mana Injiniya, ƙanwarmu ce ma a shekaru, da ƴar laftof ɗinta a jaka. Gaskiya da farko Alhaji ya ɗan yi mata kallon wannan yarinyar ce zata gano buhu 140. Bata ce komai ba, ta ja katan ɗin taliya ta zauna dan kujerun ofis duk takardu ne akai, ta tambaye ni abu ɗaya, a ranakun da aka rufe layin ciniki nawa-nawa ne aka lissafa. Ta rubuta ƴar tambaya ga rumbun, lambobi suka fito a jere, 412, 655, 1000, 1000, 730, 1000. Sai ta juyo da fuskar laftof ɗin tace, Yaya, wane irin ciniki ne zai riƙa tsayawa a 1000 cif-cif har kwana tara?

Nan ta zauna ta min bayani dalla-dalla, kuma wannan ne abun da yafi burge ni da ku, bata ɓoye ilimin dan mu riƙa kiranku kullum ba. Tace a Pentaho aiki iri biyu ne, akwai tiransifomeshan akwai job. A tiransifomeshan akwatunan nan da nake gani a jere ba layi suke bi ba, duk tare suke tashi lokaci guda, layukan bayani na gudana a tsakaninsu kaman ruwa a kwata. Shi akwatin zubawa an saita shi ya riƙa yin kwamit duk layi 1000, wato ya tabbatar da su a rumbu sannan ya miƙa su gaba. Shi kuma akwatin kiran firosija ba sau ɗaya yake kira ba, duk layin da ya shigo masa sai ya kira. Kenan da dubun farko ta sauka, kira na farko ya rufe rana, sauran cinikin ya iso daga baya ya tarar an ja ƙofa, ana ta kiran firosija tana ganin alama tana fita. Ranar da ciniki bai kai dubu ba komai daidai, shi yasa tsawon watanni ban gane ba. Kayan an sayar da su halak malak, kwamfuta ce bata cire su ba. Laifin nawa ne, ba na manhaja ba, ba na Baba ba.

Har wani abun kunya na yi a gabanta, na ce to bari in cire igiyar da ta haɗa su kawai, na cire na tada aiki, log, wato rahoton aikin, ya nuna an gama babu kuskure, amma firosija ko motsi. Tayi dariya tace ai akwatin nan in babu layin da ya shigo masa bazai taɓa kira ba, sai an bashi ko guda ɗaya ne.

Gyaran da tayi bai ɗau awa biyu ba, harda ɗauke wuta da jiran a tada janareto. Ta maida abun cikin job, inda aiki ke bin juna ɗaya bayan ɗaya, sai zubawa ta ƙare lafiya sannan koriyar igiya ta wuce zuwa kiran, in ta faɗi jar igiya ta tsaida komai ta turo min imel. Kiran kuma layi ɗaya tal take bashi mai ɗauke da kwanan wata, firosijar ta dawo da adadin layukan da ta lissafa a gwada da wanda aka zuba, in basu zo ɗaya ba aiki ya tsaya.  Kafin ta taɓa tsofaffin ranakun nan tara sai da ta kwafi rumbun gaba ɗaya ta gwada akan kwafin, ni da nine da tuni na afka. Da aka sake rufe su buhu 140 suka fita daga lissafi daidai wa daida, ga bashin wasu kwastomomi da bai hau ba shima ya bayyana, kuɗi ba kaɗan ba.

Kuɗin aiki kuwa abun da aka yi magana tun a waya shi kuka karɓa, ko sisi baku ƙara ba, Alhaji ya bata na mota ta ƙi sai da ya ɓata rai. Bayan kwana uku kuma ku kuka kira da kanku kuna tambaya ko aikin dare yana tafiya, abun da ban saba gani ba.

Washegarin gyaran Alhaji ya tara yaran shago gaba ɗaya ya nemi afuwar Baba a gabansu, nima na nema dan ni na jawo. Baba cewa kawai yayi Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya tashi ya buɗe sito.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara buɗi, ya yi wa Injiniya albarka ya jiƙan magabata. Baba yace a gaya mata akwai kwanon dabino da ya ajiye mata a ofis, dan Allah Oga a turo ta ta ɗauka kafin yaran shago su gama da shi.

Naku,
Akantan shagon sari, kasuwar Singa, Kano