Wasiƙa daga Seattle a kan gidan da ya taso daga Futaba

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, ina kuma fatan jikin Baba ya yi sauƙi, Allah ya ƙara masa lafiya. Saƙonka na bayan Sallah ya iso, kuma tambayarka a kan injin busar da iri tana nan a raina. Sai dai wani labari ne ya zaunar da ni rubutu yau, labarin da na tabbata babu wanda zai gane dalilin da ya sa ya tsaya mini a rai in ba kai ba, tun da tare muka ga girgizar ƙasar nan a Sendai ta Japan ranar Juma'a, 11 ga Maris, 2011.

Wani abokin aikina ɗan Japan ne ya ce mini mutanen yankinmu na da sun zama maƙwabtana. A Woodinville, wani gari da ke arewa maso gabas da Seattle wanda ya yi suna da gidajen giyar inabi, akwai wani iyali daga garin Futaba na jihar Fukushima da ke yin sake, giyar shinkafar nan ta Japan. Sunan gidansu Tomisawa, sunan abin da suke yi kuma Shirafuji. Sun shafe fiye da shekara 300 suna wannan sana'a a Futaba, daga kaka zuwa jika, har masu riƙe da ita yanzu ana lissafa su a zuriya ta 21.

Na san kafin ka kai wannan layi ka riga ka fara salati, kana cewa zaman Amurka ya fara taɓa mutumin naka. Kwantar da hankalinka, Malam. Giya haramun ce a gare ni jiya da yau, ban saya ba, ban ɗanɗana ba, ban ma taka ƙofar wurin ba. Mutanen ne suka ja hankalina, da yadda suka ƙi yarda sana'ar iyayensu ta mutu a hannunsu bayan an raba su da duk abin da ta dogara a kai.

Ka tuna lokacin, ƙarfe 2:46 na rana, ba mu daɗe da dawowa daga masallaci ba, ga dusar ƙanƙara da ta sauko da yamma, ga wuta ta ɗauke, muna kewaye da rediyo ɗaya muna jin sunayen garuruwan bakin teku ana kira ɗaya bayan ɗaya. Girgizar ta kai maki 9.0, kuma mutum fiye da 18,000 ne suka mutu ko suka ɓace, galibinsu a igiyar ruwan teku. Mu namu tsoron na 'yan makonni ne. Mutanen Futaba kuwa, a ƙasarsu da ta maƙwabtansu na Okuma aka gina tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi, kuma gidan sana'ar Tomisawa bai kai kilomita 4 daga tashar ba. Washegari, da tashar ta samu hatsari, aka ce kowa ya fita, garin mutum kusan 7,000 ya watse cikin yini guda, kowa da kayan jikinsa, da tunanin kwana biyu za a yi a dawo. Wasu sai da suka kai jihar Saitama, aka sauke su a wani babban filin wasa, daga baya aka mai da su wata tsohuwar makarantar sakandare a garin Kazo, inda hukumar garin kanta ta buɗe ofis. Ba a bar kowa ya koma Futaba da zama ba sai a ƙarshen Agustan 2022, shi ne gari na ƙarshe da aka buɗe, kuma har yanzu waɗanda suka koma ɗin 'yan tsiraru ne. Gari ya zama kufai alhali gidajensa suna tsaye.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne abin da suka koma ɗaukowa. Da hukuma ta fara barin mutane su shiga na ɗan taƙaitaccen lokaci, cikin fararen rigunan kariya, kowa da abin da ya fi damunsa: wani hotuna, wani takardun banki, wani allunan sunayen magabata. Wannan iyali yis ɗin gidansu suka fito da shi. Kar ka ɗauka irin na masu burodi ne da ake saya a leda. Halitta ce mai rai wadda ta zauna a wannan gida tsawon zamani har ta ɗauki halinsa, kuma ita ke ba abin da suke yi ƙamshi da ɗanɗanon da ake gane shi da su. Kamar dai ɗan tsohon nonon da Bafillatana ke ragewa ta zuba cikin sabuwar madara ne, in ya ƙare ko ya mutu, za ta iya aro wajen maƙwabciya, amma kindirmon ba zai zama nata na da ba. Tankuna da tukwane ana iya sayen wasu, gini ana iya tayar da wani, wannan kuwa in ya mutu ya mutu ke nan.

Tun da na ji labarin nake tuna ranar da Farfesa ya kai mu wancan tsohon gidan sake a tsakiyar hunturu don mu ga yadda ake sarrafa shinkafa, ranar da aka hana mu cin natto, tsimammen waken soyan nan, da safe saboda ƙwayoyin da ke cikinsa suna iya ɓata musu aiki, kai kuma da ba ka karyawa sai da shi ka yi ta ƙorafi a mota. Na tabbata ba ka manta da ɗakin nan na katako ba, mai ƙaramar ƙofa, wanda zafinsa ya kai digiri 30 alhali a waje ruwa yana daskarewa. An baza turararriyar shinkafa a kan wani dogon tebur mai shimfiɗar farin ƙyalle, sai tsohon nan, shugaban masu aikin da suke kira toji, ya ɗaga wani ɗan gwangwani mai rariya a baki yana kaɗawa a hankali, wani gari mai launin kore-kore yana sauka. Da ya gama, kowa ya tsaya cak, ba motsi ba magana, har sai da garin ya lafa a kan shinkafar. Wannan shi ne koji, funfunar da ke narkar da sitacin shinkafa ya koma sukari, sannan yis ya samu abin ci. Kwana biyu ake yi ana renonta, ana tashi cikin dare a tura hannu a ji zafinta, a warware dunƙulen, a rufe ko a buɗe. Tsohon bai duba ma'aunin zafi ba sai bayan ya riga ya faɗi abin da za a yi, kuma da ya duba, ma'aunin bai ƙaryata shi ba. Wannan funfunar dai ita ce ke ba da miso da ruwan waken soya da muka yi shekaru muna ci.

Bayan koji kuma akwai sauran aiki mai tsawo. Tun farko ana surfe shinkafar, ga sake mai daraja har sai kashi 60 cikin ɗari na ƙwayar ya rage, ko ma rabi ga mafi daraja, sannan a wanke, a jiƙa da agogo a hannu, a turara. Ana renon yis ɗin kamar mako biyu a ƙaramin tanki, a ƙara shinkafa da koji da ruwa sau uku cikin kwana huɗu, a bar shi ya tsimu mako uku zuwa wata guda cikin sanyi, kafin a matse a tace. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya wannan ilimi cikin al'adun gado na bil'adama, amma kai da ni mun ga inda ilimin yake zaune tun kafin nan, a tafin hannun tsohon nan.

To, a nan ne tambayar da ke damuna take. Kusan kashi 80 cikin ɗari na sake ruwa ne, kuma galibin tsofaffin gidaje a Japan a kan rijiyarsu ko idon ruwansu aka gina su. Ruwan Futaba daga tsaunukan Abukuma yake gangarowa, na nan kuwa daga ƙanƙarar tsaunukan Cascade. Shinkafar ma ba ta gonakin maƙwabta ba ce, domin a Amurka masu wannan sana'a sun dogara ne da shinkafar Kalifoniya irin su Calrose, ko kuma Yamada Nishiki da wasu manoma ke nomawa a jihar Arkansas. Kai da ka ƙare rayuwarka a kan shinkafa ka fi ni sanin cewa iri ɗaya ma in ya canza ƙasa, yadda yake shan ruwa da yadda yake nuna a tururi sai sun canza. Ruwa ya canza, shinkafa ta canza, iska ta canza, masu saye sun canza. Shin abin da ke fitowa daga Woodinville shi ne wanda ake yi a Futaba, ko kuwa sunan ne kawai ya yi ƙaura?

Na daɗe ina juya wannan magana, kuma ra'ayina shi ne sana'ar ce da kanta ta iso nan. Ko a Futaba shinkafar bana ba ta taɓa zama ta bara ba, kuma aikin toji kullum shi ne ya karanci abin da shekara ta kawo, ya rage jiƙo ko ya ƙara, ya sassauta zafi ko ya tsananta, har ya kai ga ɗanɗanon da ya gada. Abin da suke yi a nan shi ne wannan aikin, sai dai tazarar da za su cike ta fi ta kowace shekara faɗi. Ɗan na gada ya fi ɗan na koya, in ji mutanenmu, kuma a irin wannan wuri ne ake ganin gaskiyar maganar, domin wanda ya koya daga littafi zai bi awo ne, in awon ya ƙi aiki a sabon ruwa sai ya tsaya, wanda ya tashi a cikin abin kuwa ya san inda yake son kaiwa.

Kuma kar ka haɗa su da manyan kamfanonin Japan da suka daɗe a nan. Ozeki da Takara da Gekkeikan duk suna da masana'antu a Kalifoniya, Dassai ma ta buɗe nata a jihar New York a 2023. Waɗannan kasuwa suka biyo, gidajensu na asali suna nan daram. Iyalin Futaba kuwa ba su da inda za su koma, kuma sai da suka haura shekara 10 bayan bala'in kafin tankunansu su sake cika a ƙarƙashin rufinsu. Kai ka san abin da takardun zama da lasisi suke ci a ƙasar nan, ga kuɗi, ga harshe, ga annobar korona da ta faɗo a tsakiya. Dattijon gidan, wanda ya saba komai nasa a gari ɗaya, ya yarda ya tsallaka teku ya fara daga tushe tare da 'ya'yansa, wannan ba ƙaramin hali ba ne.

Akwai wani gida da ya bi wata hanyar daban, kuma ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Iyalin Suzuki na Ukedo a garin Namie, masu sake mai suna Iwaki Kotobuki, su igiyar ruwa ce ta share gidan nasu baki ɗaya. Allah ya sa akwai samfurin yis ɗinsu a wani ɗakin bincike na jiha da ke Aizu, da shi suka tayar da aiki a garin Nagai na jihar Yamagata, sannan a 2021 suka sake fara yi a Namie. Su sun samu komawa domin an buɗe garinsu da wuri. Masu sana'ar da suka tsaya a Fukushima kuma sun sha fama da tsoron da mutane ke yi wa sunan jihar, duk da cewa daga 2012 an yi shekaru ana auna kowane buhun shinkafa ɗaya bayan ɗaya, kusan buhu miliyan 10 a shekara. Amurka ba ta janye takunkuminta kan abincin yankin ba sai a 2021, Tarayyar Turai kuma sai a 2023. Duk da haka jihar ta zo ta ɗaya a yawan lambobin zinariya a gasar sake ta ƙasa sau tara a jere.

Abin da ba zai yiwu a ɗauko ba, wanda kuma yake sosa mini rai, shi ne mutanen garin. Ƙaramin gidan sake a Japan na garinsa ne: abin da yake yi shi ake kaiwa wurin bautarsu lokacin biki, shi ake buɗewa a ɗaurin aure da sabuwar shekara, kuma idan an rataye ƙwallon ganyen itacen sugi a ƙofa kowa ya san sabon ya fito. Waɗanda suka san ma'anar wannan suna tun suna yara yanzu sun warwatsu a Iwaki da Saitama da sauran wurare, tsofaffinsu da yawa sun rasu ba su sake kwana a gida ba. Masu zuwa Woodinville za su ji daɗin labarin, za su saya, amma ba su san titin da gidan yake ba. Ina jin wannan ne nauyin da iyalin ke ɗauke da shi, kuma ba na zaton nasarar kasuwa za ta sauke musu shi.

Shi ya sa nake roƙonka kar ka yi sanyi da aikin da ka ce ka fara, na bin manoman da rashin tsaro ya kora daga ƙauyukansu kana karɓar ɗan abin da suka tsira da shi na tsofaffin irin shinkafa. Ka ce wasu a wurin aiki suna ganin ɓata lokaci ne tun da akwai ingantattun iri. Ka ci gaba, amma ka riƙa rubuta sunan ƙauyen da irin fadamar da ake shuka shi, ka kuma zauna da tsofaffin su faɗa maka lokacin shuka da yadda suke gane ya nuna, domin irin da ke cikin kwalba ba tare da wannan bayani ba rabin abin ne. In kuɗin kwalabe da na mota ne matsala, ka faɗa mini ba tare da jin nauyi ba, akwai 'yan'uwa a nan da za su sa hannu.

Ka gaida Baba da jiki, ka gaida uwargida da yara, ka kuma gaida mutumin Sakkwato in kun haɗu, ka ba shi wannan labari domin shi ma yana cikin motar ran nan. Ina jiran amsarka, musamman ra'ayinka a kan maganar ruwa da shinkafa.

Wassalam,
Naka amini.