Godiya ga garejin da ke riƙe mana tsofaffin babura masu shan 2T a Panteka

Zuwa ga Maigida da yaransa na garejin gyaran tsofaffin babura da ke Tsohuwar Panteka, Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya jama'a?

Mu masu tara tsofaffin ƙananan babura ne masu shan 2T, wato man da injinsu ke ƙonawa tare da fetur, a nan cikin garin Kaduna, daga Tudun Wada da Kawo har Barnawa. Mun ga ya dace mu yi muku godiya a bainar jama'a, don mai niyyar shiga wannan harka ya san inda zai kai mashin kafin ya zaro kuɗi. Tun da Bajaj Boxer da 'yan'uwansa suka cika gari, makanikan da suka iya injin hayaƙi sai raguwa suke yi. Ga shi babura da yawa sun sha ajiya, wasu tun hanin hawa babur da aka yi a jihar nan a 2021 ba a sake taka musu kik ba. Irin su ne ake fito da su yanzu a goge, a ɗauki hoto a tura a waya. Yamaha RX100 mai cc 98 da aka ƙera a Indiya daga 1985 zuwa 1996, da YB100, da Suzuki A100 da AX100, in an dace har RD125 mai silinda biyu, duk a hoto lafiyarsu ƙalau. Ku ne kuka dage cewa ba a cinikin biri a sama, sai an turo mashin gareji.

Abin da ya fi burge mu shi ne tsarin dubawarku. Kafin a taka kik, yaronku zai ɗora hannu a kan inji, domin mai sayarwa mai wayo yakan ɗumama shi tun a gida don ya ɓoye wahalar tashi. Sai a cire fulogi a ɗaura ma'aunin matsi, a buɗe totur har ƙarshe a taka sau biyar ko shida. Allura ta haura 120, to da sauran ƙarfi. Ta tsaya ƙasa da 100, a sa kuɗin buɗe inji cikin lissafin ciniki. Daga nan ku kwance salansa ku haska tocila ta ƙofar hayaƙi. Aikin minti goma ne, amma nan ake ganin ko jikin fistan ya sha karta, ko ringi ya manne da gawayi. Ku kuma buɗe murfin magnito ku jijjiga magniton sama da ƙasa, in ya yi motsi ko kaɗan, boris ɗin karanshaf ya gama. Ba mu taɓa jin kun yanke wa inji hukunci da kunne kawai ba.

Kan maganar oyil-sil kuwa, wato robobin da ke toshe gefe biyu na ɗakin karanshaf, a nan yawancin baburan da suka daɗe a ajiye suke mutuwa, kuma a nan gwanintarku ta fi fitowa. Wannan inji ta cikin ɗakin karanshaf yake zuƙar fetur da iska, don haka dole gefe biyun su toshe sosai. Robar ta bushe, sai matsala ta zo ta fuska biyu. In ta ɓangaren magnito ce, iska ke kutsowa, cakuɗin ya yi ƙarancin fetur, ka saki totur amma inji ya ƙi sauka, zafi ya yi yawa, wata rana a kan titi fistan ya kama. In ta ɓangaren kuloci ce, man giya yake sha, hayaƙi ya yi kauri da wari, fulogi ya riƙa jiƙewa, man giya na raguwa ba ɗigo a ƙasa. Wani makanike sai ya yi ta murɗa kafireto yana canza fulogi har mai mashin ya gaji. Ku kuwa duk injin da ya shekara a ajiye, sai kun canza robobin nan biyu kafin ku bari a hau.

Mun kuma gode da kuka ƙi bin ɗabi'ar yanke famfon 2T. Yamaha ta fito da tsarin Autolube, wato famfon da ke tura wa inji man 2T da kansa, tun 1964, kuma famfon ba kasafai yake lalacewa ba. Abin da ke kawo cikas shi ne iska a cikin tiyo, ko wayar totur da ta saki. Ku kukan sassauta ƙusar fitar da iska har mai ya riƙa fitowa ba kumfa, ku daidaita alamar da ke jikin famfon, ku sa sabon tiyo mai haske don a ga man yana tafiya. Tankin farko kukan zuba mililita 20 na 2T a kowace litar fetur don kariya, har a tabbatar famfon na aiki. Inda famfon ya mutu ba a samu madadinsa ba, ma'auninku mililita 30 ne a lita, da sirinji ake aunawa ba da murfin gora ba, sannan ku ƙara girman jet ɗin kafireto, wato ramin da fetur ke bi, mataki ɗaya, tunda man ya ci wani gurbin fetur. Kuma kuna gargaɗin cewa wasu injinan Suzuki masu tsarin CCI famfon ne ke kai mai kai tsaye ga boris ɗin karanshaf, in an cire shi boris ɗin ya zauna a bushe. Mutane da yawa ba su san wannan ba. Baƙin man mota kuwa, ko kyauta aka kawo ba ku zubawa a tankin 2T, sai wanda aka rubuta JASO FC ko FD a jikin gorarsa, domin man mota toka yake bari, ya toshe salansa ya daskarar da ringi.

Wajen faɗaɗa silinda ma kuna tausaya mata. Fistan na zuwa ne mataki-mataki, ƙarin milimita 0.25, 0.50, 0.75 zuwa 1.00, kuma silindar asali ba a samunta a shago yanzu, to wanda ya tsallaka zuwa matakin ƙarshe ya cinye mata sauran kwana. Kukan tura sabon fistan tare da silinda wurin mai injin yanka don a yanke ta daidai da shi, ku auna tazarar bakin ringi ta tsaya tsakanin milimita 0.15 da 0.35, ku goge kaifin ƙofofin silinda don kada ringi ya sarƙe ya karye. Kibiyar kan fistan ta dubi salansa, makullan fil ɗin fistan kuma sababbi ne kullum. Bayan haka ku ce a lallaɓa mashin kilomita 500 na farko. Ba kowa ke jin wannan ba, amma dai kun faɗa.

Aikin matatar iska kaɗan ne, sai dai a hunturun Kaduna ƙura na cinye ringi cikin 'yan watanni, shi ya sa kuke wanke soson da kananzir, ku matse, ku shafa masa mai kafin ku mayar. Tankin da damina ta sa ya yi tsatsa kukan wanke shi ku ƙara ƙaramar matata a tiyon fetur.

Sai amana. Duk abin da kuka cire, ko tsohon murfin gefe ne ko mitar gudu da ta daina aiki, kukan ƙulle shi a leda ku miƙa wa mai shi, domin a wurin mai tarawa kayan asali ko sun tsufa sun fi sabon jabu daraja. In za ku sa wa AX100 kayan Jincheng, tunda da yawa suna shiga, sai kun faɗa tukuna. Lambar da ke wuyan firam da ta jikin inji kuwa sai kun gwada su da takardu, in kuka ga alamar an kankare an sake bugawa, ku ce a mayar wa mai shi, ba da ku ba. Wannan kaɗai ya raba mutane da zaryar ofishin 'yan sanda.

Roƙonmu ɗaya, Maigida: a buɗe littafi, kowane mashin da shafinsa, a rubuta girman fistan da ke ciki da lambar jet da ranar da aka canza oyil-sil. Zai sauƙaƙa wa yaranku ranar da ba ku nan, ya kuma taimaki wanda zai saya nan gaba.

Allah Ya ƙara buɗi, Ya yi wa yara albarka. Wassalam.

Naku,
Masu tara tsofaffin babura masu shan 2T, Kaduna.