Kafin a jona tabulet da injin CNC

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu domin in yi magana da 'yan'uwana masu ƙananan injinan CNC, waɗanda kwamfuta ke tuƙa bakinsu suna sassaƙa katako, roba ko alminiyam. Da yawa yanzu suna ajiye kwamfutar tebur suna komawa tabulet, kuma suna da hujja. Tabulet galibi ba ta da fankar da za ta zuƙi ƙura, ba ta cin wuri, kuma mutum zai riƙe ta ya tsaya dab da bakin yanka yana ganin inda yake saita sifiri, wato wurin da inji zai fara awon aiki daga gare shi. Ina goyon bayan haka ɗari bisa ɗari. Abin da ke damuna shi ne nauyin da ake ɗora mata wanda ba nata ba, har a wayi gari an ɓata katako, an karya baki, wani lokaci ma yatsa ke shiga haɗari.

A fara sanin wane ne ke yin me. Tabulet ba ta juya moto ko ɗaya. Wannan aikin bod ne, wato allon lantarkin da ke jikin inji, kuma a yawancin ƙananan injina manhajar GRBL ce ke cikinsa, bisa ƙwaƙwalwar ATmega328P irin ta Arduino Uno. Bod ɗin ne ke fitar da bugun lantarki da ke sa moto yin taku, har kusan bugu 30,000 a daƙiƙa, kowanne a kan lokacinsa. Aikin tabulet shi ne miƙa masa layukan G-code, wato umarnin da ke gaya wa inji inda zai je, ɗaya bayan ɗaya. To, ma'ajin bod ƙarami ne ƙwarai: haruffa 128 kawai yake riƙewa na saƙon da ya shigo, sai motsi kamar 15 da yake tsarawa a gaba. Layuka suka yanke, inji zai cinye abin da ke hannunsa ya tsaya cak. Amma moton yanka ba ya tsayawa, domin babu wanda ya ce masa ya tsaya. Baki zai ci gaba da juyawa a wuri ɗaya cikin katako, ya yi baƙi, ya fara hayaƙi, ga garin katako a kewaye. Duk abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya samo asali.

Masu tuƙa inji da manhajar Mach3 ko LinuxCNC ta tsohuwar kafar firinta, naku daban ne. A wajenku kwamfutar ce da kanta ke fitar da bugun, don haka tabulet ba za ta maye gurbinta ba, iyakarta ta nuno fuskar kwamfutar daga nesa.

Hanyar da aka fi bi wajen jona tabulet da bod ita ce kebul. Tabulet mai Android tana buƙatar kafar da ke karɓar OTG, wato wadda ake iya jona mata wata na'urar USB, kuma ba kowace ke da ita ba, sai a gwada da filash kafin a sayi komai. Manhajar da za a sa ta san guntun da ke kan bod, wanda galibi CH340 ne a injina masu araha, sannan a saita gudun sadarwa a 115200. Idan baƙaƙen da ba su da ma'ana suka cika fuska, kusan kullum gudun ne bai yi daidai ba. Tabulet mai Windows ta fi sauƙi, domin manhajojin aika G-code irin su Candle da Universal Gcode Sender suna hawa kanta kai tsaye. iPad kuwa kada a wahalar da kai da kebul, hanyarta Wi-Fi ce.

Matsalar kebul ta farko batir ce. A yanayin OTG tabulet ce ke bai wa bod wuta volt 5, kuma kafar da za a sa caja ita ce aka toshe. Aikin awa uku sai ya tarar da batir a ƙasa. Maganinsa ɗan akwatin rarraba USB-C mai kafar caji, kuma a tabbatar yana caji yana sadarwa a lokaci guda, domin wasu tabulet ɗin ɗaya suke zaɓa. Ta biyu Android ce da kanta. Tun daga Android 6 take rage wa manhajoji aiki idan fuska ta mutu don ta tsimi batir, wasu kamfanonin ma sun fi haka tsanani, kashe manhajar suke yi gaba ɗaya. A cire manhajar inji daga jerin waɗanda ake takura wa, a hana fuska mutuwa, a kashe sabunta manhajoji da kansu, a toshe sanarwa. Mafi kyau tabulet ɗin ta zama ta inji kaɗai, babu layin waya a ciki.

Ta uku ita ce ta fi rikita mutane, domin ba a ganinta da ido. Moton yanka mai gawayi, irin 775 da ke zuwa da ƙananan injina, tartsatsi yake yi a ciki, kuma inbata mai sarrafa gudun babban moto ta fi shi watsa hayaniyar lantarki. Kebul ɗin USB kan kwashi wannan hayaniya kamar eriya. Alamarta a fili take: inji na yawo lafiya lau muddin moton yanka a kashe yake, ana kunna shi sai sadarwa ta yanke bayan 'yan mintuna. A samu kebul mai rufin ƙarfe a ciki da zoben ferayit a bakinsa, kada ya wuce mita ɗaya da rabi, kada kuma a ɗaure shi tare da wayar moto. Idan dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera. A haɗa jikin inji da wayar ƙasa. Tiyon zuƙar ƙura ma yana tara lantarki idan garin katako na gudu a cikinsa, sai ya sake shi lokaci guda ya firgita bod, shi ya sa ake zura masa wayar tagulla tsirara a kai ta ƙasa.

Bluetooth fa? Guntun HC-05, da ake jona wa bod don ya samu Bluetooth, yana aiki, amma da sharuɗɗa. Daga kamfani yana zuwa da gudun 9600, sai an shiga saitinsa an mai da shi 115200. Ƙafarsa ta karɓar saƙo volt 3.3 take so, Arduino kuwa 5 yake fitarwa, don haka a sa rezisto biyu, mai 1k da mai 2k, su rage ƙarfin. Kuma ƙafafun 0 da 1 da yake hawa su ne USB ke amfani da su, ba a jona su biyun tare. iPad ba ta magana da irin wannan Bluetooth ɗin.

Ko an yi duk wannan, akwai lissafin da ya kamata a yi. Wasu manhajojin suna aika layi ɗaya su jira bod ya amsa kafin su aika na gaba. Mu ɗauka zuwa da dawowa na cin kashi 30 cikin 1,000 na daƙiƙa. Layi 33 ke nan a daƙiƙa. Idan zane ne mai lanƙwasa da aka yayyanka gutsi-gutsi, kowane layi milimita 0.1, inji ba zai wuce milimita 200 a minti ba ko da an rubuta 1,000 a fayil. Zai riƙa tafiya yana ƙwacewa, gefen aiki ya fito da tabo-tabo. Mutum ya yi ta ɗaure bel yana canza baki, alhali yunwar layuka ce ke damun injin. A nemi manhajar da ke ƙirga haruffa tana cika ma'ajin nan na 128 ba tare da jira ba, a kuma sa manhajar zane ta fitar da lanƙwasa da umarnin G2 da G3 masu zana baka, layi ɗaya ya wadatar maimakon ɗari.

Shawarar da na fi tsayawa a kanta ita ce fayil ya zauna a jikin inji. Bod mai ƙwaƙwalwar ESP32 da manhajar FluidNC yana da Wi-Fi da wurin katin SD. Tabulet za ta buɗe shafinsa a burauza, ta tura fayil cikin katin, ta danna fara, daga nan bod ke karanta abinsa. Tabulet ta mutu ko ta faɗi ƙasa, aiki na tafiya. A tuna ESP32 zangon 2.4 GHz kaɗai yake ji, kuma idan aka rufe shi cikin akwatin ƙarfe sigina ba za ta fita ba sai da eriyar waje. Wanda ba ya son canza bod ya sa ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi kusa da inji da gajeren kebul, ya ɗora mata manhajar CNCjs, tabulet ta shiga ta burauza. Kowace tabulet na iya wannan, har iPad. A ba na'urar adireshi tsayayye a rauta don kada a riƙa nemanta kullum, a kuma sa kalmar sirri, domin duk wanda ke kan wannan Wi-Fi zai iya motsa injin.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Maɓallin tsayawa da ke kan fuskar tabulet hoto ne. Kafin ya yi aiki sai fuska na kunne, manhaja na gaba, yatsa ya sauka daidai, saƙo ya isa. Kuma wanda aka fi dannawa, mai dakatar da tafiya, a GRBL ba ya kashe moton yanka. Dole a sa jan maɓallin gaggawa na gaske, mai kan lema, wanda ke maƙalewa idan an buga shi, a inda tafin hannu zai same shi ba tare da an duba ba. A yi amfani da ƙafafunsa da ke rufe a zaman lafiya, yadda ko waya ce ta tsinke inji zai mutu. Ya yanke wutar moton yanka da ta direbobin moto ta rile ko kontakta. Akwai wani tarko a nan: tunda tabulet na ciyar da bod ta USB, bod ba ya mutuwa idan aka yanke babbar wuta, zai ci gaba da ƙirga taku yana zaton ana tafiya. Saboda haka a ɗauki ƙafafu na biyu na maɓallin a kai ƙafar A0 ta bod, wadda ke katse aikin GRBL. A1 ta dakatarwa ce, A2 ta ci gaba, kuma ƙananan maɓallai biyu a kansu sun fi gilashi amfani nesa ba kusa ba.

Matsar da inji da yatsa shi ma yana son kula. Gilashi ba ya gaya wa yatsa ya danna ko ya saki, kuma gumi ko ɓarɓashin alminiyam kan sa fuska ta ga taɓawar da ba a yi ba. Idan ana amfani da danna-ka-riƙe, kuma saƙon saki ya makara a hanya, baki zai wuce inda ake so. A riƙa matsawa da awo: milimita 10 daga nesa, 1 idan an matso, 0.1 idan an kusa taɓawa. Kafin a taɓa Z, wato hawa da saukar baki, a dubi awon da ke kai, kowane lokaci. Mutum na zaton 0.1 ne ashe 10 ne, nan take baki mai kaurin milimita 3 ya nutse ya karye. Farantin awo, ɗan ƙarfen da baki ke sauka ya taɓa domin gano sifirin Z, ya fi: a jona shi a ƙafar A5, a maƙala ɗaya wayar a jikin baki, a ba da umarnin G38.2 Z-20 F100 mai saukar da baki har ya taɓa faranti, sannan a shigar da kaurin farantin. A fara taɓa faranti da baki da hannu a ga manhaja ta nuna, domin idan an manta maƙala wayar, inji zai danna har sai wani abu ya ba da kai.

Sadarwa za ta yanke wata rana, komai kyan shiri, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sake jona kebul yawanci yana tayar da Arduino daga farko, ya manta inda yake. Abin da ke ceton aiki shi ne makunnan iyaka, waɗanda inji ke taɓawa idan ya kai ƙarshen tafiyarsa. A sa su, a kunna $22=1 a saitin GRBL, a ba da umarnin $H duk lokacin da aka kunna inji domin ya koma gida, wato kusurwar da makunnan suke. Sifirin aiki kuma a ajiye shi da G10 L20 P1, wanda ke zama a bod ko an ɗauke wuta. Sifirin da aka sa da G92 ba ya zama. Da waɗannan biyun, bayan yankewa sai a koma gida, inji ya gane sifirinsa, a ci gaba daga 'yan layuka kafin inda aka tsaya, bayan an ɗaga Z an kunna moton yanka. A cika $130 zuwa $132 da ainihin tsawon tafiyar inji, a kunna $20=1 don ya ƙi umarnin da zai fitar da shi waje. Idan ALARM:1 na fitowa babu abin da ya taɓa makunni, hayaniyar nan ce dai, a sa kafasito mai 100nF tsakanin wayar makunni da ƙasa, kusa da bod.

A rubuta $$, umarnin da ke nuna saitin GRBL, a kwafe duk saitin a ajiye a wani wuri, domin a kan gilashi yatsa ɗaya ya isa ya canza lamba. Wanda ya san lissafin zai gane idan an taɓa. Moto mai taku 200 da direba a kan kashi 16 yana ba da 3,200 a zagaye ɗaya. Sanda mai tiredi da ke tafiyar milimita 8 a zagaye tana son 400 a $100, saitin yawan taku a kowace milimita, mai milimita 4 tana son 800, bel GT2 da fuli mai haƙora 20 kuwa 80. A umarci inji ya yi milimita 100, a auna da ma'auni a gani.

Sabon haɗi kada ya fara da katako. A ɗaga sifirin Z milimita 20 sama, a kunna moton yanka da injin zuƙar ƙura, a bar fayil mafi tsawo ya gudu a iska har ƙarshe. A duba G21 (awo a milimita) da G90 (awo daga sifiri) na saman fayil, domin fayil na inci da aka karanta a milimita, ko akasin haka, bambancinsa ninki 25.4 ne. Ana cikin wannan gwajin a kashe fuskar tabulet da gangan, a zare kebul ko a kashe Wi-Fi, a ga abin da injin zai yi, sannan a buga jan maɓalli a tabbatar baki ya daina juyawa. Tabulet ɗin kuma a kafa ta a bango ko kan sandarta daban, nesa da jijjigar teburin inji, a ɗaure kebul ɗinta don nauyinsa kada ya rataya a kafa, a rufe sauran kafofin da ba a amfani da su saboda ɓarɓashin ƙarfe.

Na gode da wannan fili.

Naku,
Mai karatu, ma'aikacin injin CNC