Akwatin "rage cin wuta" ba ya rage kuɗin mita

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili domin mu yi bayani kan wani ɗan akwati da ake talla a kasuwanni da Facebook da TikTok, wai a soka shi a soket sai ya rage cin wutar gida. Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar masu rukunin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit a watan Afrilun 2024, kowa sauƙi yake nema, shi ya sa masu wannan haja suka samu kasuwa. Hujjarsu ita ce abin da injiniyoyi ke kira fawa fakta. Akwai shi da gaske, sai dai amfanin gyaransa ba a mita yake ba.

Duk na'urar da ke da naɗin waya, irin su motar famfon ruwa (wato injin lantarkin da ke juya shi), injin markaɗe, kwamfaresan firji da cok, wato ɗan naɗin wayar da ke cikin tsohuwar doguwar fitila, tana jan wuta iri biyu. Akwai wadda ke yin aikin, ita ake aunawa da wat. Akwai kuma wadda ke haɗa maganaɗisu a cikin naɗin, ta shigo ta koma, kamar motar haya da ke kai-komo babu fasinja: ta tare titi amma ba ta kai kowa ko'ina ba. Jimillarsu ake aunawa da VA. Idan aka raba wat da VA, abin da ya fito shi ne fawa fakta. Na dutsen guga da hita kusan 1 ne, ba su da abin gyara.

Ga lissafi. A ɗauki motar famfo mai cin wat 1,000 a kan bolt 230, fawa faktarta 0.7. Za ta ja VA 1,430, wato amfiya 6.2 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya). Idan aka haɗa mata kafasita, wato 'yar na'urar da ke riƙe caji ta rage wutar kai-komon nan, mai girman mikrofarad 40, fawa fakta zai haura kusan 0.95, amfiya ta sauko wajen 4.6. Wannan saukar ita masu talla ke nuna wa mutane a kan na'urar auna amfiya, jama'a su yi ta mamaki. Amma mitar kati ta gida kilowat-awa, wato yunit, take ƙirgawa, ba amfiya ba, kuma motar tana nan tana cin wat 1,000 ɗinta. Abin da ya ragu kawai shi ne zafin waya. Wayar tagulla mai kaurin sukwaya milimita 2.5, in nisan motar daga mita ya kai taku arba'in, wato mita 30, tana ɓata wat 17 kafin gyara, wat 9 bayan gyara. Ribar wat 8 ke nan, ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ita ma sai an sa kafasitan a jikin motar, ba a soket ɗin falo ba.

Mai shakka ya gwada da kansa. A fuskar mita akwai jar fitila mai ƙyaftawa, kusa da ita an rubuta yawan ƙyaftawarta kan kowane yunit, misali 1000 ko 1600. A kashe komai, a bar firji ko famfo kaɗai, a ƙirga ƙyaftawar na minti biyar. A soka akwatin a sake ƙirgawa. In aka kwance shi kuwa, galibi ƙaramin kafasita za a tarar da 'yar koriyar fitila.

Inda gyaran ke da amfani shi ne wajen mai janareta ko inbata, don su ƙarfinsu da kVA, wato VA dubu, ake faɗa. Motar nan ta sama kafin gyara ta kusa cinye inbata mai kVA 1.5, bayan gyara VA 1,050 take ja, janareta ya rage ɗaukar zafi, wuta kuma ta rage yin ƙasa a ƙarshen doguwar waya. Mai markaɗe ko ƙaramin gidan ƙanƙara zai ga bambanci.

Wanda zai yi aikin ya fara da awo, kada ya yi kintace. Ana buƙatar mita mai nuna wat da fawa fakta tare, a auna motar tana ɗauke da kayanta. Yawancin famfunan sumo da fankokin sili sun zo da kafasitansu, in awo ya nuna 0.9 ko sama a ƙyale su. In ya gaza, kowane mikrofarad ɗaya a kan bolt 230 yana share kusan VAr 16.6 (VAr shi ne ma'aunin wutar kai-komon nan), da wannan ake fitar da girman da ake so. A tsaya a 0.95, don in kafasita ya yi wa mota yawa, tana iya ci gaba da haifar da wuta da kanta bayan an kashe ta, har bolt ya yi sama ya lalata naɗinta. A sayi kafasitan aiki mai ɗaukar bolt 450 na AC. Baƙin nan na tayar da mota daƙiƙu kaɗan yake jurewa, in aka bar shi a layi kumbura zai yi ya fashe. A haɗa shi bayan makunnin motar, su tashi tare su mutu tare, a kuma gitta masa rezista mai kilo'om 220, wat 2, domin ya zubar da cajinsa. Ko da haka, a jira minti ɗaya a auna kafin a taɓa.

Zancen makunnin nan ba ƙarami ba ne. Kafasita mai mikrofarad 40 da aka bari shi kaɗai a layi yana jan amfiya 2.9 da kansa, kuma a kan ƙaramin janareta yana rikita na'urar daidaita bolt, wuta ta yi sama ta ƙona ƙwan fitila da caja. Kada a sa shi a kan inbata mai arha wadda wutarta ba sumul take ba, zafi zai ɗauka. Haka nan ba ya gyara talabijin, caja ko ƙwan LED, don nasu raunin daga yadda suke fizgar wuta guntu-guntu ne, ba daga naɗin waya ba.

Mai son katinsa ya daɗe, ya rage wat ɗin kansa. Fankar sili ta gargajiya tana cin wajen wat 75, mai aiki da DC kusan 30. Awa goma a rana, bambancin ya haura yunit 13 a wata kan fanka guda. A duba robar ƙofar firji: a datse takarda a ciki, in ta zaro da sauƙi iska na shiga, kwamfaresa ba zai huta ba. A share ƙurar bayan firjin, musamman bayan hunturu, a janye shi daga jikin bango kamar taƙi ɗaya. A sa wa tankin ruwa makunni mai kashe famfo in ya cika, domin sumo mai wat 1,000 da aka manta da shi rabin awa kullum yana cinye yunit 15 a wata.

Daga wasu masu aikin lantarki,
Kano.