Takardar Koke Zuwa ga Mai Girma Uban Ƙasa Kan Toshe Hanyar Ruwa a Unguwarmu

Daga talakawanka mazauna bakin fadama, ƙasar Argungu, Jihar Kebbi, ta hannun mai unguwarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da ban girma irin na 'ya'ya ga mahaifinsu, muna roƙon Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Mai Martaba Sarkin Kabi lafiya da nisan kwana. Ranka ya daɗe, a gafarce mu, ba rashin kunya ya sa muka ɗauki alƙalami ba. Abin ne ya kai mu maƙura.

Daren Talatar da ta wuce aka yi ruwa tun bayan isha har asuba. Ba daga gulbi ya zo mana ba, ruwan cikin gari ne da ya saba bi ta kwalbatin bakin hanya ya gangara fadama. Ya iske an cike hanyarsa da jar ƙasa, an ɗora katangar bulo, sai ya juyo kanmu. Cikin duhu muka riƙa saɓa yara da tsofaffi a kafaɗa, ruwa har ƙugu. Ɗakunan ƙasa suka jiƙe daga tushe suka zube. Akwai gwauruwa mai riƙon marayu da rumbunta ya kife a gaban idonta, sauran geron da za su ci kafin kaka ya bi ruwa. Allah ya tsare ba a rasa rai ba.

Allah ya ba ka nasara, mu ba baƙin ambaliya ba ne. Mun ga ta 2010, lokacin da ruwan madatsar Goronyo ya sauko ta gulbin Rima, mun ga ta 2020 da ta shanye shinkafar jihar nan. Wannan daga Allah ne, mun yi haƙuri. Kuma bana da aka yi ta gargaɗi a rediyo ba mu zauna ba: mun yi yaɓe, mun gyara indararo, mun jera buhunan yashi a ƙofofi, mun ɗaga hatsi da takardu sama, matasa sun yi gayya sun yashe lambatu har sau biyu. To ina amfanin yashe lambatu idan an toshe bakinsa?

Mun yi magana tun ranar da tifa ta fara juye ƙasa a wurin. Dattawa sun je, an rubuta takarda, an zo an duba, an ce za a dawo. Ginin dai bai tsaya ko yini ɗaya ba. Mai shi ya ce yana da takardar fili. Ba mu ja da takardarsa, amma tun kakanninmu kowa ya san nan ruwa ke bi.

Muna durƙusawa gabanka, a dakatar da ginin nan, a kawo katafila ta buɗe kwalbatin kafin wani hadari ya haɗu, domin damina ba ta ƙare ba. Masai sun cika sun malala cikin rijiyoyi. Mata na tafasa ruwan sha, amma itacen ma a jiƙe yake, muna tsoron amai da gudawa. A taimaka a turo ma'aikatan lafiya su zuba magani a rijiyoyin, a ba mu gidajen sauro. Waɗanda suka fake a makarantar firamare kuma an ce su tashi idan an koma karatu, su nufi ina?

In tallafi zai zo daga hukumar ba da agajin gaggawa, muna roƙon a rubuta sunaye a bainar jama'a, gaban mai unguwa da liman, gida gida. A baya mun ga an raba shinkafa da kwanon rufi, wanda ɗakinsa ya faɗi yana tsaye yana kallo.

Amma kafin komai, ranka ya daɗe, a buɗe hanyar ruwan. Idan katafila za ta yi jinkiri, a ba mu izini kawai, matasanmu na da shebur da diga. Har yau mu muke riƙe da matasan, don kada a ce mun ɗauki doka a hannu.

Allah ya ja zamaninka.

Talakawanka masu biyayya,
Dattawa, mata da matasan unguwar bakin fadama.